Miskila Cikin Farin Kaya: Yadda Na Yi Karatun Jinya a Damagaram

A gidanmu da ke Birni ba a cika kirana da sunana ba, Miskila ake cewa. Idan baƙi sun yi sallama, ni ce mai sulalewa uwar ɗaka. Idan ana biki, ni ce mai wanke-wanke a bayan gida, don gara in wanke kwanuka ɗari da in zauna tsakiyar mata ana shewa. Ba ƙin mutane nake yi ba, gajiyar da ni suke yi, kamar yadda rana ke gajiyar da mai tafiyar ƙasa. Shi ya sa ranar da sakamakon BAC, jarrabawar kammala sakandare, ya fito a 2018, na ce wa Baba aikin jinya nake so, Gwaggo ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, "Ke da ko mai lafiya ba ki iya gaidawa, ina ke ina marar lafiya? Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ke kuwa ko ɗaya ba ki da." Ban ba ta amsa ba, don a lokacin ni ma ban san amsar ba. Abin da na sani kawai shi ne shekara biyu kafin nan Kaka ta yi gyambon ciwon suga a ƙafa, wani dattijo ma'aikacin asibiti yana zuwa gida duk bayan kwana biyu yana wanke mata. Mutumin nan bai fi ya yi magana biyar ba ya tafi, amma hannunsa ba ya kuskure, kuma Kaka ba ta yarda kowa ya taɓa ƙafar sai shi. Ni ce mai riƙe masa kwano, kuma a nan sha'awar ta shige ni.

Abu na farko da ya ruɗe ni shi ne hanyoyin karatun. Mai BEPC, shaidar kammala matakin farko na sakandare, yana iya shiga ASB, wato ma'aikacin lafiya na matakin farko, shekara 3. Mai BAC kuma yana yin lisans ta aikin jinya, ita ma shekara 3. Akwai ENSP, makarantar lafiya ta gwamnati da ke nan Damagaram, akwai kuma makarantu masu zaman kansu. Ni dai wata mai zaman kanta na shiga, saboda lokacin da muka gama shawara a gida an riga an yi nisa da ɗaukar ɗalibai a wasu wuraren. Wani abokin Baba, tsohon ma'aikacin lafiya, shi ya ja kunnenmu cewa kafin a biya ko dala, a tambayi makaranta ta nuna takardar izinin gwamnati, a kuma tabbatar ɗalibanta suna zama jarrabawar bai ɗaya ta ƙasa, wadda ma'aikatar lafiya ke shiryawa a ƙarshen karatu. Idan babu wannan, shekara uku da kuɗin mutum sun tafi a banza. Baba ne ya yi tambayar, ni ina tsaye bayansa ina kallon ƙasa.

Haɗa dosiye ya ci mini mako uku, kuma rabin ɓata lokacin laifina ne. Abin da aka nema: takardar neman shiga rubutun hannu, takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, kaziye daga kotu (takardar da ke nuna ko an taɓa hukunta mutum), takardar likita mai nuna lafiyata ƙalau, kwafin shaidar BAC da aka buga wa hatimin tabbatarwa, da hotuna 4. A lokacin fotokofi dala 5 ne shafi ɗaya, wato sefa 25, hotuna jika 1, sai kuɗin tambur da na kabu-kabu, waɗanda in aka tara su sun fi kuɗin takardun kansu. Kaziye a kotun garin da aka haifi mutum ake karɓarsa, ni kuwa ba cikin Damagaram aka haife ni ba, sai da na yi tafiya. Kuma ba ya wuce wata 3 yana aiki. Ni da zumuɗi na karɓo nawa tun kafin a zauna BAC, ranar kai dosiye sakatare ya duba kwanan wata ya turo mini shi baya. Na sake komawa. A wurin buga hatimi kuma na zauna a benci tun ƙarfe 8 har azahar, mutanen da suka zo bayana suna shiga suna fita, saboda ban san sai an miƙa takarda ta taga an faɗi abin da ake so ba. Ina zaune ina jira a kira ni, alhali ba wanda ya san da zamana. Wani mai gadi ne ya tausaya mini ya ce, "'Yata, nan ba a kiran mutum, shi ke kiran kansa."

Ranar biyan kashin farko na kuɗin makaranta, darakta ya kira sababbi ɗaya bayan ɗaya ofishinsa. Ya tambaye ni me ya sa nake son aikin. Wadda ta shiga kafina na ji ta ta ƙofa tana zuba bayani kan taimakon al'umma da ceton rai. Ni bakina ya ƙi buɗuwa, da ƙyar na ce ina son wanke ciwo. Ya ɗago ya dube ni, ya ce to, wannan ma dalili ne, ya sa hannu. Kuɗin shekara kashi uku aka raba mana, amma kada kowa ya yi lissafi da shi kaɗai. Akwai farar riga, wadda na sayi yadinta a Kasuwar Dole na kai ɗinki, guda biyu suka tasar mini jika 12. Akwai abin awon tansiyo da abin sauraren ƙirji, ma'aunin zafin jiki, almakashi, agogo mai hannun daƙiƙa, da safar hannu da mutum zai riƙa saye da kansa lokacin koyon aiki.

Watannin farko na aji sun yi mini daɗi har na ɗauka Gwaggo ta faɗi. Ƙasusuwa 206 na jikin babba, zagayen jini, lissafin magani, duk na haddace. Muna koyon allura a jikin lemo da 'yar tsana ta roba, waɗanda ba sa kuka kuma ba sa jiran gaisuwa. An koya mana buƙatu 14 na majiyyaci na Virginia Henderson, Ba'amurkiyar nan da kusan kowace makarantar jinya ke karantar da tsarinta: numfashi, ci da sha, fitar da bawali da bayan gida, barci, tsabta, da sauransu. Ta goma ita ce magana da mutane. Na rubuta ta a jarrabawa na ci maki cikakke, ban taɓa kawowa a raina cewa ni ce zan biya wa wani wannan buƙata ba.

Sai aka tura mu istaj na farko, zaman koyon aiki, a wata CSI, wato ƙaramin asibiti, ta cikin gari. Na isa ƙarfe 7 da rabi na tarar da mata sun cika rumfa, kowace da goyo. Tun 2006 ake duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a Nijar, don haka layin yara shi ne ba ya yankewa. Majo, shugaban wurin, ya zaunar da ni a teburin karɓar mutane: rubuta suna, shekaru, unguwa, auna zafi, auna nauyi. Na duƙar da kai kan rajista na fara, "Suna? Shekara nawa? Me ke damunsa?" Mace ta huɗu wata tsohuwa ce da ta kawo jikanta. Ta ƙi zama, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ke 'yar nan, a gidanku ba a gaisuwa?" Rumfa ta yi tsit, sannan aka fashe da dariya. Bayanta kuma wata yarinya ta zo da jariri, na tambayi sunansa sau uku tana sunne kai, har na fara jin haushi, ina ganin raini ne. Wata ma'aikaciya ta zungure ni ta ce ɗan fari ne, ba za ta faɗa ba, duba karne ko ki tambayi wadda ta rako ta. Abin da na tashi a cikinsa, wanda Inna ma take yi wa Yaya har yau, shi ne ya ɓace mini saboda tsoro ya cika mini kai. Ranar na koma gida na rufe ɗaki na yi kuka, kuma na ƙudurta in ƙarshen mako ya zo zan ce wa Baba na fasa. Abin da ya hana ni, gaskiya, kashin farko da aka riga aka biya ne.

Wata tsohuwar ma'aikaciya ce ta cece ni, wadda saura mata kaɗan ta yi ritaya, kowa Hajiya yake ce mata. Ta lura ina yin allura da kyau amma mata suna kauce wa layina. Ta kira ni ɗakin ajiyar magani ta ce, "Kin iya wanke hannu kafin allura?" Na ce na iya. Ta ce, "Don kina jin daɗin wanke hannu kike yi, ko don ƙa'ida ce?" Na ce ƙa'ida ce. Ta ce to gaisuwa ma haka take, ba wanda ya ce sai kin so, yi za ki yi. Ta jera mini: ki ɗago ki dubi mutum, sannu da zuwa, ina kwana, yaya mai jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ki nuna wurin zama, sannan alƙalami. Tsohuwa Inna ce ko Kaka, dattijo Baba ne ko Malam, sa'arki Yaya ce, yaro kuma ki kira shi maigida ko angona uwarsa ta yi murmushi. Na rubuta su a bayan karnena na istaj kamar jerin magani, na riƙa maimaitawa a kan kabu-kabu. Mako na farko muryata kamar mai karanta sanarwa, amma ba wanda ya damu. Mutane ba su zo auna zuciyata ba, haƙƙinsu na gaisuwa suke so, in an ba su sai su saki jiki. Duk da haka, a takardar ƙarshen istaj Majo ya ba ni 17 bisa 20 a aikin hannu, 11 a mu'amala, ya rubuta cewa ba ni da sakin fuska. Bai yi ƙarya ba.

A wannan wurin na gano wani abu da ban san ina da shi ba. Bahaushe ko yana bakin mutuwa, ka ce yaya jiki, zai ce da sauƙi. Abokan karatuna masu surutu suna karɓar "da sauƙi" su wuce tambaya ta gaba, ko su cike wa mutum maganarsa. Ni kuwa da yake ba ni da abin cewa, sai in yi shiru ina jira, shirun kuma ya yi wa mai jinya nauyi har ya ƙara magana. A nan ake jin cewa an kai yaron wurin wanzami an cire masa beli kwana uku da suka wuce, ko an ba shi jiƙo, ko kuma maganin da aka rubuta wancan mako ba a saye shi ba saboda maigida yana Kano. Waɗannan ba sa fitowa a tambayar farko, kuma su ne ke canja abin da za a yi wa yaron.

Shekara ta biyu ta zo da korona. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu, aka koma a Yuni, kowa da takunkumi. Abin dariya, ni takunkumin ya taimaka mini, don an daina ganin fuskar da ake cewa a ɗaure take, sai dai ya tilasta mini ɗaga murya. Istaj na damina ya faɗo mini a sashen yara na wani asibiti, daidai lokacin da masassarar cizon sauro da tamowa ke haɗuwa, gado ɗaya yara biyu, uwaye a tabarma tsakanin gadaje. A nan na fara gardi, kwanan aiki, kuma a nan na san akwai sa'o'in da aka yi su domin irina. Daga ƙarfe 11 na dare 'yan dubiya sun watse, fanka na juyi in akwai wuta, aiki ya koma na ido da agogo. Ƙarin ruwa na mililita 500 da za a sa cikin awa 8 ɗigo 21 ne a minti, sai in tsaya in ƙirga. Madarar F-75 ta yara masu tamowa mai tsanani tana da lokutanta har cikin dare, sai a tashi uwa a hankali. Numfashin yaro ana ƙirga shi minti guda cur: daga 50 zuwa sama ga ɗan wata 2 zuwa 11, daga 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ya yi sauri ke nan. Wanda hira ke ɗauke wa hankali yana ƙirga daƙiƙa 15 ya ninka, ni kuwa ba inda nake sauri.

Amma a nan ne kuma shiruna ya cuci wani, kuma wannan shi ne abin da na fi so mai hali irin nawa ya karanta da kyau. Wani dare wajen ƙarfe 2 na ga hannun wata yarinya da ake wa ƙarin ruwa ya ɗan tasa a wurin allurar. Na san alamar, ruwa ya fita daga jijiya yana shiga tsoka. Mai kula da mu ta ɗan kwanta a ɗakin gardi bayan yini guda a tsaye, ni kuma nauyin tashinta ya kama ni. Na ce bari in ƙara dubawa. Na je ƙofar sau biyu na dawo. Ko rufe ruwan ban yi ba, don ina tsoron a ce ɗaliba ta taɓa abin da ba a sa ta ba. Kafin in yi ƙarfin halin ƙwanƙwasawa an yi kusan minti 40, hannun ya kumbura har gwiwa. Allah ya taimaka ruwan ba mai ƙona nama ba ne, aka cire, aka ɗaga hannun, kwana biyu ya saɓe. Matar ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Kunyarki ki bar ta a gida. Yarinyar nan ba ta da bakin kirana, ke ce bakinta." Daga ranar na gane cewa abin da ya fi wuya ga marar son magana ba majiyyaci ba ne. Tashin babba daga barci ne, kiran lokotoro a waya a ce masa ya zo yanzu, tsayawa da safe gaban mutum goma a miƙa aiki gado bayan gado, da cewa "ban gane ba, a maimaita" idan an ba da umarni da sauri. Na samo wa kaina dabara: kafin in kira kowa sai in rubuta abu huɗu a takarda, wane gado, me na gani, awo nawa, me nake so a yi, in karanta. Bayan mako biyu na kira lokotoro kan wani yaro ɗan wata 8 da numfashinsa ya kai 64 ƙirjinsa na lotsawa, muryata na rawa amma na faɗi duka huɗun, aka sa masa iskar oksijan kafin asuba.

Sai 'yan dubiya. Kowa ya san mu, mutum ɗaya ke kwance, unguwa guda ke zuwa, da kwanon tuwo da fura da shawarwari. Fitar da su lokacin magani ya zama mini azaba, har na koyi cewa ba da taro ake magana ba. A nemi babba a cikinsu, a matsa kusa da shi, a ce, "Baba, don Allah a taimaka mini a ɗan ba mu wuri, minti goma." Shi zai kore su da kansa, har da tsawa. Mutuwa kuwa ba ni da dabararta har yau. Yaro na farko da ya rasu a hannuna, uwar Bafulatana ce mai ƙarancin Hausa, ni kuma ba Fulatanci. Na cire masa allura, na goge masa fuska, na taya ta naɗe shi a zane, na ce Allah ya ba da haƙuri, na zauna kusa da ita a tabarma har mijinta ya zo. Ba abin da na ƙara.

Istaj na ƙauye a shekara ta uku shi ya nuna mini iyakata. An kai mu wata CSI a kudu, wajen iyakar Najeriya, mako 6, mu huɗu a ɗaki ɗaya. A ƙauye ma'aikacin lafiya ba shi da ƙofa. Ana ƙwanƙwasa masa da tsakar dare, ana tare shi a bakin rijiya a nuna masa ƙurji, dole ya je suna, ya je gaisuwar mutuwa, ya gaida maigari da liman, in ba haka ba ranar rigakafi ba zai ga kowa ba. Majon wurin mutum ne da ya san sunan kowane yaro da na kakarsa, kuma rabin aikinsa da baki yake yinsa. Lokacin rabon maganin rigakafin masassara na damina, wanda ake ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 sau ɗaya a wata, gida-gida muka bi, kowane gida gaisuwa daga farko. Da magariba ji nake kamar an tatse ni. Aka kuma sa ni yi wa mata wajen arba'in bayani kan tamowa a ƙarƙashin bedi. Na kwana ban yi barci ba. Da safe na fasa jawabin da na haddace, na ɗauki igiyar awon damtse, na kira uwa ɗaya na nuna mata yadda za ta auna ɗanta da kanta: kore lafiya, ɗorawa a kula, ja kuma, wato ƙasa da milimita 115, a kawo shi yau. Ta auna, ta miƙa wa ta kusa da ita, sai su suka karɓe maganar, ni ina gyara musu hannu kawai. Ya yi kyau, amma na dawo Damagaram da tabbacin cewa in an ba ni CSI ta ƙauye in riƙe, ko dai in cuci garin ko in cuci kaina.

Cikin ajinmu mutum biyu da na sani sosai suka bari, kuma su ne suka warware mini tambayar Gwaggo. Ɗaya ita ce mai jawabin ceton rai a ofishin darakta, mai faran-faran, wadda majiyyata ke so tun ranar farko. Ta bari a shekara ta biyu saboda ba ta iya jure wari, gyambo da amai da bayan gida. Ɗayar shiru-shiru ce kamata, har ana haɗa mu. Ita kuma ta faɗa mini da bakinta cewa idan marar lafiya yana nishi haushi take ji, tana ganin raki ne, kuma ba ta son jikin wani ya taɓa nata. Ta koma karatun lissafin kuɗi, kuma ta yi daidai. A waje kamanninmu ɗaya, amma ni mutane gajiyar da ni suke yi, ita kuwa ƙyamarsu take ji. Gajiya tana da magani, barci da kaɗaici na 'yan sa'o'i. Ƙyama ban ga wanda istaj ya cire wa ita ba, sai dai ta koma tsawa da zagin masu naƙuda, irin abin da ya sa mutanenmu da yawa ke gudun likita.

Ƙarshen karatu ya zo da memwar, wato kundin bincike, da kare shi gaban malamai, minti 15 na magana da na maimaita wa bangon ɗakina har ƙannena suka haddace. Sannan jarrabawar bai ɗaya, rubutu da aikin hannu. A aikin hannu na ja wankin ciwo, abin da ya kawo ni tun farko. Masu dubawa suna riƙe da takardar maki, kuma gaida majiyyaci, faɗa masa ko ke wace ce, bayyana masa abin da za ki yi da neman yardarsa, duk suna da makinsu kafin a zo ga auduga. Jerin Hajiya na bi, kalma bayan kalma. Jiran sakamako ya fi jarrabawar wuya, na rame, na daina amsa waya. Da ya fito na ci, Gwaggo ce ta fara rangaɗa guɗa.

Takardar ba ta zo da aiki ba. Na yi watanni ina aikin sa kai ba albashi don kada hannuna ya mutu, sannan na sake haɗa wata dosiye ta sarwis siwik, hidimar ƙasa ta shekara 2, wannan karon kaziye na ƙarshe na karɓo. Inda aka tura ni, na yi abin da ban taɓa yi ba, na je da ƙafata wurin shugabar ma'aikatan jinya na roƙi a sa ni ɗakin tiyata, na kuma faɗi dalili ba ɓoye-ɓoye. Ta ce masu neman wurin ba su da yawa, don tsayuwa ce ta sa'o'i ba zama. A can nake har yanzu. Ina shirya kayan aiki, ina dafa ƙarafa a tukunyar tururi a zafin digiri 134, ina ƙirga auduga kafin a buɗe ciki da kafin a rufe, kuma in lissafi bai cika ba ni ce mai cewa a dakata, ko da likitan ya girmi Baba. Ko a nan mutane ba su ƙare ba. Minti biyar kafin a sa wa mace maganin barci don a ciro mata ɗa, tana kwance tana rawar ɗari ba dangi ko ɗaya kusa, wani ne zai riƙe mata hannu ya ce mata Yaya, muna nan, yi ta addu'a. Sau da yawa ni ce.

Wanda ke da hali irin nawa kuma yana tunanin wannan karatu, kafin a biya kashin farko ya nemi ɗan'uwa da ke kwance a asibiti ya karɓi jinyarsa kwana uku, dare da rana, shi ne mai zubar da fo, mai juya shi, mai zuwa kiran ma'aikaci. In ya fito a gajiye amma hankalinsa na komawa kan ko an ba da maganin ƙarfe 6, to zai iya. In ya fito yana jin haushin marar lafiyar, ya duba wani fannin, akwai awon jini a labo, akwai hoto, akwai harhaɗa magani, duk aikin lafiya ne kuma cuɗanyarsu ba ta kai ta jinya ba. Ya kuma sani cewa shekara ukun karatu ba zaɓi a cikinsu, sai ya bi ta teburin karɓar mutane, ɗakin haihuwa da ƙauye, ko yana so ko ba ya so. Zaɓi sai daga baya, kuma ba a ba wanda bai buɗe baki ya nema ba: tiyata, sashen masu tsananin ciwo, jarirai bakwaini, gardin dare, ko ofishin tattara alƙaluman cututtuka inda ake shigar da rahoto a manhajar kwamfuta ta DHIS2. Akwai kuma farashin da gida ke biya. Idan na sauko daga gardi, maganata ta yini ta ƙare a wurin aiki, sai in shiga ɗaki in rufe awa uku. Da farko Inna ta ɗauka fushi nake, sai da na zaunar da ita na yi mata bayani, yanzu ita ke korar yara daga ƙofata. Bukukuwa da yawa sun wuce ni, wasu dangi sun ce farin kaya ya sa mini girman kai, ban kuma iya gyara wannan ba.

Gwaggo tana da hawan jini yanzu, duk Juma'a bayan la'asar take zuwa in auna ta. Wannan makon ina naɗa mata abin awo tana yi mini faɗa kan sunan jikar maƙwabciyarta da ban je ba. Na ce, "Gwaggo, a yi shiru minti ɗaya, magana tana ɗaga awo." Ta harare ni ta yi shiru, ya nuna 15 da 9. Ina kwancewa ta ce dama ta san ba banza na nace wa aikin nan ba, na samo inda ake biyana in ce wa manya su rufe baki. Na rubuta mata awon a karnenta, na tambaye ta ko tana shan maganin kullum, ta ce da sauƙi. Sai na ajiye alƙalami na jira.